Jirgin Hijaz: Wakafin da Aka Tsayar da Ƙuruciyarsa

Galibin kawunan jiragen ƙasa da ake adanawa a gidajen tarihi na duniya tsofaffi ne waɗanda suka ci zamaninsu, suka yi aiki har ƙarfinsu ya ƙare, ko kuwa aka sami waɗanda suka fi su sauri da sauƙin ɗawainiya, sa'an nan aka wanke su, aka shafe su da fenti, aka girke su a rumfa domin 'yan baya su gani. Irin wannan ne mutum zai tarar a babban gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin York a Ingila, wanda aka buɗe a 1975, inda aka ajiye kan jirgin nan mai suna Mallard da ya yi gudun mil 126 a sa'a guda cikin 1938, gudun da har yau babu wani jirgi mai tafiya da tururi da ya wuce shi. Amma akwai waɗansu kawunan jirage a ƙasar Hijaz, tsakanin Tabuka da Madina, waɗanda al'amarinsu ya saɓa wa wannan, domin ba tsufa ne ya tsayar da su ba, kuma babu wani sabon jirgi da ya gaje su a kan hanyarsu. Hanyar ce aka yanke a ƙarƙashinsu alhali ba su yi shekara goma cikakku suna kai alhazai ba.

Kafin jirgin akwai ayari. Shekaru aru-aru alhazan Sham da na Anadolu da waɗanda suka gangaro daga ƙasashen da ke bayansu suna taruwa a Dimashƙa a watan Shawwal, su tashi a ƙarƙashin Amirul Hajji da dubban raƙuma, su bi gwadaben da Ibn Baɗɗuɗa ya bi a 1326, daga rijiya zuwa rijiya, daga zango zuwa zango, har su cika kwana arba'in ko abin da ya yi kusa da haka kafin su hangi dabinon Madina. Sarakunan Santambul sun gina ƙananan ganuwoyi da matattaran ruwa a zangunan, kuma kowace shekara sukan aiko da jakunkunan kuɗi a raba wa shugabannin ƙabilun Larabawan daji, a kira shi kyauta, ko da yake kowa ya san kuɗin amincin hanya ne. Duk da haka ƙishirwa da annoba da farmaki ba su daina cin rabonsu ba. Wanda ya karanta babin hajji a littattafan fiƙihu ya san cewa amincin hanya yana cikin sharuɗɗan istiɗa'a, kuma fuƙaha'u ba su tsawaita magana a kansa don nishaɗi ba.

A 1900 Sarkin Santambul Abdulhamid na Biyu ya ba da umarni a shimfiɗa hanyar ƙarfe daga Dimashƙa zuwa Madina, da niyyar a zarce da ita Makka, aka kuma soma aiki ran 1 ga Satumba na wannan shekara, daidai da bikin zagayowar ranar hawansa gadon sarauta. Mutumin da ya fi kowa tura al'amarin a fada shi ne sakatarensa Ahmad Izzat Basha al-Abid, mutumin Dimashƙa. Masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan ko addini ne ya motsa Sarki ko siyasa, gardamar da a ganina ba ta da tushe sosai, domin mutumin da ke kiran kansa Halifa, mai hidimar Harami biyu, ba ya iya raba biyun ko da ya so. Turawan Ingila sun mamaye Masar tun 1882, mashigin Suwes yana hannunsu, saboda haka duk sojan da Santambul za ta aika Hijaz ko Yaman ta ruwa sai ya ratsa ta ƙofar da wani ke riƙe da makullinta. Hanyar da za ta sauƙaƙa wa alhaji mashaƙƙa ita ce kuma za ta kai bataliya Madina cikin 'yan kwanaki ba tare da neman yardar kowa ba, kuma Larabawan Hijaz sun fahimci wannan tun kafin a kafa ƙarfe na farko.

Abin da ya bambanta wannan hanya da sauran hanyoyin jirgi na daular Turkawa shi ne inda kuɗinta ya fito. Bashi ya riga ya yi wa daular katutu, har tun 1881 wani sashe na harajinta yana tafiya kai tsaye hannun wata hukuma ta masu bin bashi na Turai, kuma hanyoyin jirgin da ke Anadolu da Sham na kamfanonin Jamus ne da Faransa da Ingila. Sarki ya ƙudura cewa wannan kam ba za a ci bashin Turawa dominta ba, ba kuma za a ba wani kamfani nasu mallakarta ba. Ya buɗe asusu da nasa kuɗin, lira 50,000, aka yi shela ga Musulmin duniya. Sarkin Farisa ya bayar, Hidiwi Abbas Hilmi na Masar ya bayar, a Indiya kuwa wani editan jarida na Lahor mai suna Muhammad Insha'allah ya shafe shekaru yana tara gudummawa ta hanyar jaridarsa al-Waɗan. Aka buga lambobin girma na zinariya da na azurfa da na farin ƙarfe gwargwadon abin da mutum ya bayar. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce sadakar son rai ba ta kai rabin kuɗin aikin ba. Sauran ya fito ne daga kan sarki na musamman da aka wajabta liƙawa a takardun hukuma, da abin da aka yanka daga albashin ma'aikata ko sun so ko sun ƙi, da kuɗin fatun layya da hukuma ta riƙa tarawa tana sayarwa. Wannan bai rage darajar aikin ba. Ya dai nuna cewa talakan daular, wanda sunansa bai shiga kowace jarida ba, shi ya ɗauki mafi nauyin kayan. A 1914 aka mayar da hanyar ƙarƙashin ma'aikatar wakafi, kuma wannan hukunci shi ne zai zama tushen jayayya bayan daular ta faɗi.

Babban injiniyan aikin Bajamushe ne, Heinrich Meissner, wanda Sarki ya ba sarautar Basha. Leburorin kuwa akasarinsu sojoji ne, dubbai, waɗanda aka rage musu wa'adin aikin soja a madadin wahalarsu. An zaɓi tazarar milimita 1,050 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, irin ta hanyar Faransawa da ta riga ta haɗa Bairut da Dimashƙa. Da aka ga cewa kamfanin Faransawan yana tsawwala kuɗin ɗauko kaya daga gaɓar teku, sai aka fitar da reshe daga Dar'a ya gangara kwazazzabon Yarmuk, da gadoji da ramukan da aka huda cikin duwatsu, ya fita Haifa a 1905, ta nan kuma ƙarafa da kwal da kawunan jirage suka riƙa shigowa. Hanya ta isa Ma'an a 1904, ta isa Tabuka a 1906, ta isa Mada'in Salih da al-Ula a 1907. Daga al-Ula zuwa kudu ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya taka, saboda haka Meissner ya tsaya, injiniyoyin Turkawa a ƙarƙashin Muhtar Bey suka ƙarasa sauran.

Babban abokin gabar aikin shi ne ruwa, rashinsa da kuma yawansa. Jirgi mai tururi mashayin ruwa ne ƙwarai, ga shi kuwa akwai wuraren da za a yi tafiya mai nisa ba rijiya, sai aka riƙa jan taragun tanki a bayan kan jirgi, aka haƙa sababbin rijiyoyi, aka gyara tsofaffin matattaran ruwan ayari. A ɗaya gefen kuma, rafukan da suke bushe shekara da shekaru sukan cika cikin sa'a guda su tafi da duk abin da ke gabansu, don haka aka gina kadarkai da magudanai na dutse masu yawan gaske, waɗanda da dama daga cikinsu suna nan tsaye yau babu ƙarfe a kansu. Tashoshin kudu kuwa, da aka jera kusan kowane kilomita ashirin, an gina su ne da kaurin bango da ƙananan tagogin harbi, domin mazauninsu soja ne kafin ya zama mai sayar da tikiti.

Ran 1 ga Satumba 1908 aka yi bikin isar hanya Madina, bayan kilomita kusan 1,300. Tafiyar kwana arba'in ta koma ta 'yan kwanaki ƙasa da mako. An keɓe tarago guda ya zama masallaci, da limaminsa, a Tabuka kuma aka kafa wurin tsare matafiya don gudun kwalara. Tashar ƙarshe an gina ta da baƙin dutsen Madina a ƙofar Anbariyya, tafiyar 'yan mintoci daga Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka kuma gina mata masallaci mai hasumiya biyu a gabanta. Turkawa suna da wata hikaya da ta shahara a bakinsu, wai da aka kusa gari sai aka shimfiɗa kilisai na ulu a ƙarƙashin ƙarafan don kada ƙararsu ta kai ga Raula, kuma irin wannan hikaya tana nuna yadda jama'a suka ɗauki aikin a zukatansu. Shi kuwa Sarkin da ya assasa shi bai taɓa hawan jirgin ba. 'Yan makonni kafin bikin, matasan hafsoshi suka tilasta masa mayar da tsarin mulki, a Afrilun 1909 kuma suka tuɓe shi.

Makka kuwa hanyar ba ta taɓa isa ba, kuma a nan ya kamata a yi wa Larabawan daji adalci, domin littattafai da yawa sun wuce su da kalma guda, wai jahilai ne masu ƙin ci gaba. Ƙabilar Harb da maƙwabtanta, waɗanda ƙasarsu ke tsakanin Harami biyu, abincinsu na shekara yana fitowa ne daga hayar raƙuma da jagoranci da sayar wa alhazai guzuri da kuma kuɗin amincin hanya. Sun ga abin da jirgi ya yi wa 'yan'uwansu na arewa, waɗanda aka daina bukatar raƙumansu ba tare da an ba su wata sana'a a madadi ba, sai suka tashi da makami tun a 1908. Sharif Husaini bin Ali, wanda aka naɗa Sarkin Makka a wannan shekara, yana da nasa lissafin, domin ya san ranar da jirgi ya tsaya a Makka ranar ce ikonsa zai koma hannun gwamnan da Santambul ta aiko. Ya yi ta jan ƙafa da dabara har yaƙi ya zo. Alhazanmu na ƙasar Hausa da Barno, waɗanda a wancan zamani suke ratsa Wadai da Darfur da ƙafa su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, ba ta wannan hanya suke shigowa ba. Tsakanin Makka da Madina, inda jirgin zai amfane su, nan ne aka hana shi bi.

A Yunin 1916 Sharif Husaini ya yi wa Turkawa tawaye da goyon bayan Ingila. Sunan da duniya ta riƙe a wannan babi shi ne na Lawrence, wani hafsan Ingila, saboda littafinsa da kuma fim ɗin da aka yi a kansa a 1962, amma ba shi kaɗai ba ne, ba ma shi ya fara ba: wani Bature mai suna Garland ya riga shi kifar da jirgi da nakiya a farkon 1917, akwai kuma Newcombe da Hornby, da hafsoshin Faransa tare da sojojinsu Musulmi na Magrib, da mayaƙan 'ya'yan Sharif, wato Ali da Abdullahi da Faisal. Dabararsu da farko ba ta kashe hanyar gaba ɗaya ba ce. So suke ta yi ta numfashi da ƙyar, yadda dubban sojan Turkawa za su maƙale a Madina da tashoshin hamada suna gadi da gyara, maimakon su tafi fagen Falasɗinu. Turkawa kuwa sun yi ta gyarawa da sauri mai ban mamaki, da kwal ya yanke suka koma ƙona itace, abin da ya cinye dazuzzuka masu yawa a ƙasar da ake kira Urdun yau. Sai a Afrilun 1918 aka lalata wani dogon yanki kudu da Ma'an, Madina ta yanke.

Kwamandan Madina, Fahri Basha, Turkawa suna ambatonsa da girmamawa, kuma da hujjarsu: ya riƙe garin cikin yunwa har sojojinsa suka koma cin fara, ya ƙi miƙa wuya ko bayan daularsa ta sa hannu a takardar tsagaita wuta ran 30 ga Oktoba 1918, sai a Janairun 1919 da hafsoshinsa suka fi ƙarfinsa. A jirgin nan ne ya aika da kayayyaki masu daraja na Hujra mai alfarma zuwa Santambul a 1917, inda suke a fadar Topkapi har yanzu. Mutanen Madina kuwa suna da wani abin da suke tunawa, wanda suke kira Safar Barlik: a taragun da suka kawo masu ziyara ne aka kwashe mafi yawan mazauna garin zuwa Sham, saboda abinci ya ƙare kuma kwamanda yana son garin ya zama sansani, aka raba iyalai, da yawa kuma ba su dawo ba. Wanda ya tsaya gaban tarago a gidan tarihin Anbariyya, ya sani cewa jikan wanda ya zo ziyara a cikinsa da jikan wanda aka kora a cikinsa ba abu ɗaya suke gani ba.

To, amma ba nakiya ce ta kashe hanyar Hijaz ba, ko da yake haka aka saba faɗa. Ƙarfen da aka fasa ana sauya shi, gadar da aka rusa ana gina ta, kuma hanyoyin jirgi na Faransa da Baljiyam, waɗanda yaƙin ya yi wa ɓarnar da ta ninka wannan, sun koma aiki cikin 'yan shekaru. Ita ma wannan an ɗan lallaɓa ta, har waɗansu jirage kaɗan suka sake shiga Madina bayan yaƙi. Abin da ba ya gyaruwa shi ne rabon gado. Hanyar da aka gina a cikin daula ɗaya ta wayi gari a hannun hukumomi huɗu: Faransa a Siriya, Ingila a Falasɗinu, masarautar Abdullahi a gabashin Urdun, sai Hijaz, wadda Sarki Abdul'aziz bin Sa'ud ya ƙwace daga gidan Sharif a 1924 da 1925. Misalinta kamar igiyar guga ce da magada suka yanka gida huɗu: kowa ya karɓi rabonsa, amma babu wanda nasa zai kai ruwa. Sassan arewa da reshen Haifa, masu hatsi da fatauci, su ne suke kawo riba. Sashen hamada kuwa ba ya iya ɗaukar nauyin kansa sai da su. A taron Lozan na 1923 Ingila da Faransa sun furta cewa sun yarda hanyar tana da matsayi na addini, sun kuma yi alkawarin majalisar shawara ta Musulmi da za ta zauna a Madina, alkawarin da ya tsaya a takarda. Taron Musulmi na Makka a 1926 da na Ƙudus a 1931 duk sun nemi a mayar da ita hannun al'umma a matsayinta na wakafi, wanda a shari'a ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa, amma masu riƙe da ita ba su ga dalilin sakinta ba. A 1946 mayaƙan Yahudawa suka fasa wata gada a Yarmuk, reshen Haifa ya mutu. Cikin shekarun 1960 Sa'udiyya da Urdun da Siriya suka haɗa kai, aka ba da kwangilar farfaɗo da sashen kudu, aka fara aiki, sai yaƙin 1967 ya zo, a lokacin kuma mota da jirgin sama sun riga sun ɗauke alhazai.

Saboda haka kayan tarihin hanyar ma rabe suke kamar yadda ita take rabe. A Madina an gyara tashar Anbariyya, aka buɗe gidan tarihi a 2006, da kawunan jirage da taragun katako a tsohuwar rumfar gyara. A Mada'in Salih, ƙasar Samudawa, inda Manzon Allah ya hana sahabbansa shan ruwan rijiyoyinta a hanyarsu ta yaƙin Tabuka in ban da rijiyar taguwa, akwai kan jirgi ƙirar Jamus a cikin rumfarsa, tafiya kaɗan daga kaburburan da Nabaɗawa suka sassaƙa a jikin duwatsu. Tabuka tana da nata, Amman tana da nata a tsohuwar tasha. A Dimashƙa an buɗe gidan tarihi a ma'aikatar gyara ta Ƙadam a 2008, shekara ɗari cif da isar hanya Madina, kafin yaƙin Siriya ya ci wannan yanki. A Haifa kuwa tsohuwar tashar ita ce gidan tarihin jiragen ƙasa na Isra'ila, da wani ƙaramin kan jirgin Hijaz ƙirar Krauss a ciki, da ginshiƙin tunawa da Abdulhamid a waje. Sunayen maƙera a jikin ƙarafan, Hartmann da Jung da Borsig da ire-irensu, shaida ce cewa duk da kuɗin na Musulmi ne, ƙirar ta Turai ce, kuma wannan rauni ne da asusun sadaka bai iya rufewa ba.

Akwai kuma waɗanda ba a kai su kowace rumfa ba, kamar kan jirgin da ke kwance a gefensa kusa da tashar Hadiyya, arewa da Madina, wanda bushewar iskar hamada ta hana tsatsa cinye shi. A nawa ra'ayin shi ya fi waɗanda aka yi wa fenti faɗin gaskiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Wadi Ram a Urdun, inda ake ɗora masu yawon buɗe ido a tsofaffin taragu, sa'an nan mahaya dawaki da raƙuma su fito daga bayan tudu suna harbin iska, a kwaikwayi farmakin 1917. Wato daga cikin dukan tarihin hanyar, ranar da aka fasa ta ce aka ga ta cancanci a maimaita wa baƙi don su biya kuɗi.

Zangon da ya gagari Abdulhamid an cike shi daga baya, ta wata fuska dabam. A 2018 Sa'udiyya ta buɗe jirgin Haramaini mai aiki da lantarki, kilomita kusan 450 daga Madina zuwa Makka ta Jidda, da taragu ƙirar Sifen masu gudun kilomita 300 a sa'a, wanda ke kai mutum cikin sa'a biyu da 'yan kai. Kuɗinsa daga baitulmalin gwamnati ya fito, tasharsa ta Madina tana gabashin gari nesa da Anbariyya, tazarar ƙarafansa milimita 1,435 ce, kuma daga Madina bai nufi arewa ba.